Rasuwar da Ban Sanar Ba

Ranar Talata ce, a farkon bazara, ƙarfe huɗu da kwata na yamma. Mu huɗu ne a ɗakin: mahaifina, wanda shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka fito ciki ɗaya da ita; ƙanena; maƙwabciyarta da ke tallafe da kanta; sai ni. Na san lokacin daidai domin na duba agogo. Shekara ashirin ina karanta labarai da sanarwa a gidan rediyo a Sakkwato, idona ya saba.

Gwaggo, yayar mahaifinmu, ta rasu a gidanmu na Sabon Birni bayan jinyar kwana tara. Kafin ta cika ta yi magana biyu. Ta farko da ni take. Ta ce, "Kai mai rediyo, kak ka hwaɗe ni. Sai yarinya ta gama jarrabawa." Ta biyu ba mu san da wa take ba. Idonta a kan ƙofa, ta ce, "Ku amshi bokitin, shina bisa hanya." Mahaifina ya ɗauka zafin ciwo ne. Ya ci gaba da laƙƙana mata kalmar shahada, ta kuma amsa.

Yarinyar da take nufi 'yar ƙanena ce. Gwaggo ta karɓe ta tana wata takwas, ranar da aka yi sadakar bakwai ta uwarta, kuma ba su taɓa raba ɗaki ba sai da yarinyar ta sami gurbin karatu a kwalejin horar da malamai a Sakkwato. Ita ce mace ta farko a gidanmu da ta kai wannan mataki. Wata uku ke nan da tafiyarta, saura kwana shida a fara jarrabawar zangon farko.

Mata sun ɗora ruwan wanka ke nan, maza sun fara taruwa a zaure, sai mota ta tsaya a ƙofar gida. Direban mutumin garin Isa ne, ya daɗe yana jigila tsakanin garinmu da Sakkwato. Ya shigo da sallama, fuskarsa a sake, domin bai san abin da ya faru ba. A hannunsa akwai shuɗin bokiti. A cikin bokitin, risho da ƙaramar tukunya.

Ya ce, "Ɗiyarku ta ba ni a tasha. Ta ce a aje mata."

Maƙwabciyar ta leƙo, ta ga bokitin, ta koma da baya ba ta juya ba. Wani ɗan unguwarmu, malamin makaranta a Tozai, mutum mai 'ya'ya shida da furfura a gemu, ya miƙe tsaye kamar ɗalibin da aka kira sunansa.

Ni mutum ne da aka koya wa tantance labari kafin a faɗe shi, don haka bayan mun dawo daga maƙabarta na ja direban gefe. Na tambaye shi ko ya gaya wa wani. Ya ce a'a. Ko ya yi waya? Ya ce da wace wayar, tun ranar Lahadi babu sabis daga nan har Tsamaye. Ƙarfe goma sha ɗaya aka ba shi bokitin, ya jefa shi bayan mota, bai sake tunawa da shi ba sai da ya shigo gari. Wannan shi ne abin da na iya tabbatarwa. Sauran na bar wa Allah.

Ba a yi sanarwa ba, amma kwana uku zaure da rumfar ƙofar gida ba su wofinta ba. Labarin ya bi baki da baki, ya bi babura da motocin kasuwa. Yawancin masu zuwa gaisuwa ba danginmu ba ne. Malamai ne, da ma'aikatan jinya, da masu aikin gona na gwamnati, da wani alƙali da ya bar motarsa nesa ya tako da ƙafa. Bayan addu'a sai su zauna su yi ta ba juna labarin yadda tsohuwar ta wulaƙanta su. Malamin Tozai ya ce, "Wagga tsohuwa ta sa ni kuka cikin tasha, gaban masu saida mangwaro." Wata ma'aikaciyar jinya da ke aiki a Isa ta amso daga bayan labule, "Kai kuka kaɗai ka yi. Ni ruwa aka ba ni cikin kwanon baƙi, gidan ubana." Aka yi dariya kaɗan, irin ta gidan makoki, sai kowa ya tuna da bokitin da ke jingine a kusurwar zaure, dariyar ta tsaya.

Ga wanda ba ɗan unguwarmu ba, sai na yi bayani. Gwaggo ba ta yi boko ba ko na yini ɗaya. Amma fiye da shekara talatin, duk yaron da ya tafi kwaleji daga unguwarmu, shekararsa ta farko a hannunta take. Iyaye su ke kai mata, wasu da son ransu, wasu don gudun bakinta. Ta biyu da ta uku ba ruwanta. Takan ce, "Shuka ba ta mutuwa da girma, tun tana kunnen kusu taka mutuwa." Wato tun tana sabon tsiro. Ta kuma lura da abin da ko malaman kwalejin ban ji sun lura da shi ba: ɗalibin da zai gudu ba ya zuwa gida kai tsaye. Kayansa ke fara zuwa. Yau bokiti, jibi bargo, a ce a ajiye. Idan risho ya iso, mai shi ya daina dafa abinci a can, kuma bai wuce 'yan kwanaki ya biyo baya ba. Kusan kullum hakan kan faru ne idan an manna jadawalin jarrabawar farko.

Ni nawa bargo na aiko. Bayan kwana huɗu na biyo shi, da azahar, akwatina a ka. Na yi sallama a zaure. Gwaggo ta amsa daga ciki, ta fito da ruwa a kwanon da ake ba baƙi.

Ta ce, "Maraba da baƙo. Daga ina?"

Na yi dariya. Ba ta yi ba.

Na ce, "Gwaggo, ni ne fa."

Ta ce, "Mu namu yaron shina Sakkwato, shina karatu. Kai dai sha ruwa."

Mahaifiyata ta zo wucewa da ƙwaryar tsaba a ka. Ta raɓa ta gefena, zanenta har ya taɓa akwatina, ba ta dube ni ba. Ƙanena, wanda kullum yake rugowa ya karɓi kayana, yana zaune yana gyaran ƙotar fartanya, bai ɗago ba. Na kutsa ciki na tura ƙofar ɗakina. Dammunan gero ne a jere, tun daga ƙasa har azara. Babu gado, babu tabarma. Ƙusar da nake rataye riga ma an cire ta. Na dawo tsakar gida na tsaya. Ana daka, ana tankaɗe, akuya tana cin dusa, kowa yana harkarsa, kuma babu idon da ya sauka a kaina. A nan na ga yadda gidanmu zai kasance bayan na mutu. Shekarata goma sha tara, kuma har yau ban ga abin da ya tsorata ni kamar wannan azahar ɗin ba.

Daga baya na ji cewa mahaifiyata madafa ta shige ta yi ta kuka. Na kuma ji cewa tun ranar da bargona ya iso Gwaggo ta sa aka kwashe gero daga rumbu aka cika ɗakin, ta tara mutanen gida ta raba wa kowa abin da zai yi.

Da na koma zaure na zauna, sai ta fito da tuwo da miyar kuka, ta zauna kusa da ni har na cinye. Sannan ta ce, "Ɗauko takardar da tak koro ka."

Na ce, "Turanci ce, Gwaggo."

Ta ce, "Ni ce maka ina jin Turanci? Karanta."

Na buɗe littafin lacca na fara karantawa. Ta lumshe ido. Ban yi nisa ba ta ce, "Tsaya. Nan muryarka ta yi rawa." Ta karya tsinken tsintsiya ta sa a shafin. Sau uku tana tsayar da ni, kuma duk ukun wuraren da ban gane ba ne, waɗanda kunya ta hana ni tambaya a aji. Ta ce in kai littafin da tsinkayensa wurin ɗan maƙwabcinmu da ke shekara ta uku. "Na ba shi kiwonka, ya bari ka ɓace. Ka ce mishi in ji ni, in ka hwaɗi jarrabawa, shi ma akwai gero na jiran ɗakinai." Kafin la'asar ina cikin motar da ta kawo ni, da ƙullin ƙuli-ƙuli a cinyata.

Haka take yi. Kowane sabon shiga sai ta ɗaura shi a wuyan wani na gaba da shi, ta kira wannan kiwo, kamar yadda ake ba Bafulatani tinkiya. Kowane mako direba kan tafi da ƙulle-ƙulle, dakuwa ko gumba ko garin yaji, kuma ba ta taɓa aika na mutum ɗaya ba. Na mutum biyu take ƙullawa, ta ce a gaya wa yaron ya nemo wanda za su ci tare. Idan direba ya dawo ba ta tambayarsa yadda karatu yake. Tambayarta ɗaya: "Da wa ka iske shi?" Idan aka ce shi kaɗai, mako biyu a jere, sai ta sa a fara share rumbu. Takan ce mai cin tuwo shi kaɗai, jakarsa a ɗaure take.

Mahaifina ne ya gaya mini mafarin abin, ita ban taɓa ji a bakinta ba. Ɗa ɗaya ta haifa, a aurenta na Tsamaye. Shi ne na farko a danginmu da ya tafi kwaleji. Gab da jarrabawar farko ya dawo, ya ce ba ya jin daɗin jikinsa. Ta yi murna. Ta yanka masa kaza, ta wanke masa kaya, ta ce ya huta, makaranta ba guduwa za ta yi ba. Ya huta mako, ya huta wata. Abokansa suka dawo hutu suka koma, ya daina fita don kada a tambaye shi. Ya shekara a ɗakinsa, maganarsa tana raguwa, har ta kai sai dai a ajiye masa abinci a bakin ƙofa. Wata ranar kasuwa aka ga ya bi wasu fatake da suka nufi Nijar. An nema har Maraɗi da gaba da nan. Ba a ga gawa ba, ba a ga mai rai ba. A kakar wannan shekara ta cika ɗakinsa da gero. Mahaifina ya ce duk shekara idan geron ya ƙare, ita ke shiga ta share ɗakin da kanta, kuma sau da yawa ya ji tana yin sallama kafin ta shiga.

Ba zan ce ba ta taɓa kuskure ba. Akwai yaron da ta mayar alhali zazzaɓin hanji ne ya koro shi. Ya faɗi a mota, aka wuce da shi asibiti. Uwarsa ta zo ƙofar gidanmu ta ce, "Don kin rasa naki, shi ne za ki kashe na mutane?" Gwaggo ta miƙe. Ta ɗauki mayafi ta shiga mota, ta kwana goma sha biyu a gindin gadon yaron har ya tashi. Ba ta ba da haƙuri ba, uwar kuma ba ta sake gaishe ta ba. Abin da ya canza shi ne, daga ranar, kafin ta miƙa wa ɗalibi ruwan baƙi sai ta fara ɗora bayan hannunta a goshinsa. Uwar yaron ta zo gaisuwa ranar sadakar uku. Ta yi addu'a, ta tashi ta tafi.

A yammacin sadakar uku muka yi rigima da ƙanena, uban yarinyar. Mutum ne mai haƙuri, manomi, ban taɓa jin ya ɗaga mini murya ba sai ranar.

Ya ce, "Uwatta ce hwa. Ba ta san wata uwa ba. Kwana ukku, ko hwatiha ba ta yi mata ba. Gobe za ni in ɗauko ta."

Na ce, "In ta zo, za ta koma?"

Ya ce, "Wannan ga Allah."

Na ce, "Risho ka gani da idonka. Ita da kanta hanyar tahowa take nema. In ka ba ta wannan dalili, wa zai iya cewa ta koma? Kai?"

Ya ce, "Kai dai ka saba hwaɗin mutuwar mutane da murya guda, kamar kana hwaɗin farashin gero. Shi ya sa."

Maganar ta shige ni, domin akwai gaskiya a ciki. Mahaifinmu yana zaune yana jan carbi, muka dube shi. Ya ajiye carbin. Sannan ya ce shi bai san wanne ne daidai ba, amma yayarsa ba ta taɓa roƙonsa komai ba sai wannan, kuma ko shi ba roƙo ta yi ba. Ya nuna bokitin da haɓa, ya ce mini, "Kai ta ba saƙo. Ka maida shi."

Ranar Juma'a da hantsi na isa kwalejin. Kafin in nemi yarinyar sai na nemi 'yan garinmu da ke gaba da ita. Na tarar duk sun sani tun Laraba. Babu wanda ya umarce su, amma babu wanda ya sa a waya, babu wanda ya faɗa. Wadda aka ba kiwonta, wata 'yar shekara ta uku, ta ce kwana biyu ke nan ba ta bari yarinyar ta yi taku goma ita kaɗai. Duk sun taɓa shan ruwa a kwanon nan, ko sun ga wanda ya sha.

Na same ta a gindin wata bishiyar dogon yaro, bayan ɗakin kwanan ɗalibai mata. Ta rame. Da ta ga bokitin a hannuna sai ta sunkuyar da kai.

Ta ce, "Baffa, tsohuwar nan ba ta gajiya? Bokiti kaɗai na aika."

Na ce, "Da risho."

Ta ce, "Ta cika ɗakin?"

Na ce, "Ɗakinku ɗaya da ita. Ina za ta kwana?"

Ta yi 'yar dariya, sannan ta tambaye ni yaya jikinta, domin ta ji an ce tana fama da ƙafa. Na shirya amsoshi da yawa a mota. Babu wadda ta fito. Na ce, "Ita ta aiko ni. Ta ce sai kin gama." Muryata ba ta yi rawa ba. Wannan shi ne abin da aka koya mini, kuma ban taɓa ƙin jinin aikina ba sai a wannan lokacin.

Ta ce ba za ta iya ba. Aji ɗaya mutum ya fi ɗari biyu, malami yana magana ta lasifika, ita tana can baya ba ta jin rabi. 'Yan birni suna dariyar Hausarta, suna dariyar Turancinta. Na ce ta ɗauko littafin. Ta karanta mini a gindin bishiyar, na rufe ido kamar yadda na ga ana yi, na saurari muryar, ban saurari ma'anar ba. Wuri huɗu ta yi rawa. Babu tsintsiya kusa, sai na tsinki ganyen dogon yaro na sa a shafukan. Na kira mai kiwonta na miƙa mata littafin. Na sayo shinkafa da wake muka ci mu uku a kwano ɗaya.

Da zan tafi ta rako ni har bakin ƙofar makaranta. Ta ce, "Baffa, in gaya maka wani abu, kak ka yi mini dariya. Ran Talata na ɗaure jakata. Da la'asar na ɗauka za ni tasha in kwana gidan ƙawata, in bi motar sahe. Ina kai hannu ga ƙohwa, sai ɗakin dut ya cika da ƙamshin gero, irin na damma in an kwance. Mu takwas muke ɗakin, ba wadda ta ji sai ni. Sai na ji kamar ana kallona. Na aje jakar."

Na tambaye ta ƙarfe nawa. Ta ce ba ta duba ba, amma an gama sallar la'asar ba da daɗewa ba. Na ce mata yunwa ce, ta riƙa cin abinci. Na shiga mota, na yi tafiya kaɗan, na tsaya a gefen titi ina tuna agogon da na duba ranar Talata.

Ta rubuta takardar ƙarshe ranar Alhamis ta mako na biyu. Ni da mahaifinta muna jiranta a waje. Ta fito tana murmushi, da ta ga mu biyu tare sai murmushin ya tafi. Mahaifinta ya kasa, ni na faɗa.

Ba ta yi kuka nan take ba. Ta ce, "Yaushe?"

Na ce, "Ranar Talatar nan."

Ta ƙirga da yatsu. "Kwana sha shida." Ta dubi mai kiwonta da sauran 'yan garinmu da suka tsaya nesa kaɗan, ta dawo da idonta kaina. "Kun ci abinci da ni, Baffa. Kwano guda. Kana kallona."

Na ce wasiyya ce. Ta ce ta sani, ai ba sai an gaya mata ba, ta san halin tsohuwarta. Amma ita tsohuwar ba ta nan da za a yi fushi da ita.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata kurakuranta, ya haɗa ta da ɗanta a inda babu ɓata. Mu kuma da muka aikata abin da ta ce, Allah ya yafe mana in mun yi ba daidai ba.

Yarinyar ta yi hutun mako uku a gida, a ɗakin da suke kwana su biyu. Da aka koma zango na biyu, ranar Asabar ta shiga motar farko, ba wanda ya ce mata ta tafi. Sakamako ya fito, ta ci duka ban da darasi ɗaya da za ta maimaita. Tana aiko wa mahaifinta gaisuwa ta bakin direba. Ni har yau ba ta amsa wayata.